CD-R, CD-RW ko DVD-R: Wanne Zai Riƙe Maka Ajiya a Zafin Bauchi?

Waya da filashi sun karɓe yawancin aikin da faifai yake yi a da, amma har yanzu akwai abubuwan da ake miƙa wa mutum a CD ko DVD a Bauchi. Mai ɗaukar bidiyon biki yakan kawo aikinsa a faifai. Ɗalibin da ya kammala karatu ana iya neman ya haɗa kundinsa da kwafi a CD. Wanda aka ɗauki hoton kansa ko na ƙashin bayansa a asibiti yakan fito da faifai cikin ambulan. Ga kuma tarin tafsirin azumi da karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda muryar wasunsu ba ta rage a ko'ina ba sai a faifan da ke kwance cikin durowar wani almajirinsu. Don irin waɗannan ne ya kamata mutum ya san abin da yake saye kafin ya miƙa kuɗi a Wunti ko Muda Lawal.

Shawararmu a taƙaice ita ce: abin da kake son ya daɗe, ɗora shi a faifan da ake rubutawa sau ɗaya, ka yi kwafi biyu, ka sa kowanne a gidansa na roba mai tauri. Amma dalilan sun fi shawarar amfani, domin su ne za su taimake ka ranar da mai shago ya ce irin wanda kake nema ya ƙare.

Gefen da ake tsoro da gefen da ya kamata a ji tsoro

Faifan CD faɗinsa milimita 120 ne, kaurinsa milimita 1.2, kuma kusan duk kaurin nan roba ce mai haske da ake kira polikabonet. A saman robar ake shafa wani rini, a saman rinin a shimfiɗa azurfa ko zinariya mai siririn gaske don ta mayar da haske, sannan a rufe da fenti mai kariya wanda bai kai kaurin ɓawon albasa ba. A kan wannan fentin ne ake buga sunan kamfani. Lokacin ɗora bayanai, hasken leza yana ratsa robar daga ƙasa ya ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, kuma ɗigon nan ne na'ura take karantawa daga baya.

Ma'anar wannan ita ce bayananka suna dab da saman faifan ne, gefen da ake rubuta suna, ba gefen ƙasa mai ƙyalli ba. Yawancin mutane suna kife faifai a kan tebur, ƙyallin yana sama, da niyyar kare shi, alhali gefen da ya fi rauni suka manna wa tebur. Karce a ƙasa roba kawai ya taɓa, kuma sau da yawa leza tana iya ratsa shi ko a goge shi. Karce a sama kuwa yana ɗebe azurfar da rinin gaba ɗaya, abin da ke wurin ya tafi ke nan. Ɗaga faifai ka kalli fitila ta cikinsa: in ka ga haske yana ɓullowa ta ƙananan huji ko ta wani layi, saman ne ya ɓare, kuma babu wankin da zai dawo da shi.

DVD ba haka aka gina shi ba. Roba biyu ce, kowacce milimita 0.6, aka manne su da gam, bayanan suna tsakiya. Saboda haka karce a samansa ba ya kai wa ga bayanai da sauƙi. Rauninsa yana wani wuri: in ana lanƙwasa shi wajen ciro shi daga gida, robobin biyu sukan fara rabuwa daga ramin tsakiya, iska da laima su shiga. Kuma da yake ɗigonsa sun fi na CD ƙanƙanta da matsuwa, shatin yatsa ko karcen ƙasa da CD zai jure yana iya sa DVD ya riƙa tsayawa.

Ukun da za ka tarar a shago

CD-R, wanda kamfanonin Philips da Sony suka tsara ƙa'idojinsa a 1988, yana ɗaukar megabait 700, ko minti 80 na sauti in an ɗora shi a tsarin da kowace rediyon mota ke karantawa. Abin da aka rubuta ya zauna, ba a gogewa. Wannan da wasu ke gani aibi shi ne babbar kariyarsa, don ba yaron da zai goge maka shi bisa kuskure, kuma ƙwayar cutar kwamfuta ba ta da hanyar shiga faifan da aka riga aka rufe, wato aka kulle shi bayan ɗorawa yadda ba za a iya ƙara masa komai ba.

CD-RW ya fito a 1997. Shi babu rini a cikinsa, wani gaurayen ƙarfe ne da zafin leza ke sauya wa yanayi, a rubuta, a goge, a sake rubutawa har kusan sau 1,000. Yana da amfani ga mai kai aiki daga wannan kwamfuta zuwa waccan, sai dai filashi ya riga ya ƙwace wannan aikin. Hasken da yake mayarwa kaɗan ne in aka gwada da CD-R, shi ya sa tsofaffin rediyon mota da na'urorin gida da yawa ke ƙin karanta shi. Ya fi tsada, kuma ana iya goge shi. Ga mai neman ajiya ba mu ga dalilin sayensa ba.

DVD-R da ɗan'uwansa DVD+R suna ɗaukar gigabait 4.7 kamar yadda aka rubuta a jiki, ko da yake kwamfuta za ta nuna maka kusan 4.38 saboda bambancin lissafi. Wato faifai ɗaya ya fi CD shida. A nan girman abin da za ka ajiye ne zai yanke hukunci. Ɗauki tafsirin Ramadan: zama 30, kowanne awa biyu, awa 60 ke nan. In an naɗe shi a MP3 mai ƙarfin kilobit 64 a daƙiƙa, wanda ya wadatar ga muryar mai karatu, awa ɗaya tana cin kusan megabait 29, gaba ɗaya kusan gigabait 1.7. DVD ɗaya ya ɗauke shi har da saura, CD kuwa sai uku. Bidiyon biki mai kyawun hoto ba ya shiga CD sai an matse shi zuwa tsarin VCD, hoton ya dusashe. Kundin digiri, takardun fili da aka ɗauka a hoto, da hotunan iyali marasa yawa, duk CD ɗaya ya ishe su.

Wanne ya fi daɗewa? Cibiyar adana kayan tarihi ta ƙasar Kanada ta yi gwaje-gwaje ta fitar da ƙiyasi. CD-R mai rinin ftalosiyanin da shimfiɗar zinariya ta sa shi a sama da shekara 100. Mai wannan rinin da azurfa, shekara 50 zuwa 100. CD-R mai rinin siyanin ko azo, 20 zuwa 50. DVD-R na yau da kullum mai azurfa, 10 zuwa 20. DVD-RW kuwa, wato DVD da ake iya gogewa, 5 zuwa 10. Wannan ƙiyasi ne na faifai mai kyau da aka ajiye a ɗaki mai matsakaicin sanyi, ba na wanda ya sha zafin Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ba, saboda haka kada a ɗauki shekarun a matsayin alkawari. Jerin ne abin riƙewa: CD-R mai kyau ya fi DVD-R na kasuwa ƙarko. In abinka zai shiga CD, sa shi a CD ko da za ka raba shi gida uku. In dole sai DVD, ka san cewa za ka riƙa sabunta kwafin da wuri.

Ana iya gane rinin da ido. Juya CD-R ka dubi ƙasansa a haske. Shuɗi mai duhu azo ne, irin wanda aka san Verbatim da shi. Shuɗi-kore siyanin ne. Wanda ya yi kusan fari da ɗan ratsin kore ko rawaya shi ne ftalosiyanin, kuma shi ya fi jure haske da zafi. Yawancin faifan araha na yanzu wannan rinin suke amfani da shi, amma kada hakan ya ruɗe ka, don inda suke rage kuɗi shi ne fentin sama da ingancin shimfiɗar azurfa. Haka kuma launin zinariya a saman faifai sau da yawa fenti ne kawai. Sunan da ke jikin kwali ma ba ya faɗa maka masana'antar da ta yi shi: kamfanoni kaɗan ne ke ƙera faifai a duniya, irin su CMC Magnetics da Ritek na Taiwan, sauran suna buga sunansu ne a kai. Manhajar ImgBurn, wadda kyauta ce, tana nuna ainihin maƙerin da zarar ka sa faifan a kwamfuta. A shago kuwa, abin da ido zai iya shi ne: guji faifan da aka baje a rana ko aka jera a gilashin da rana ke duka, guji wanda ake ciro maka tsirara daga leda, ka zaɓi mai farin sama da ake iya bugawa da firinta, domin wannan farin ƙarin kariya ne a gefen da ya fi buƙata.

Ɗorawa

Faifai da yawa tun ranar da aka ɗora su suka lalace, sai bayan shekara ake ganewa. Mai shago yana sauri, sai ya sa saurin ɗorawa a gudun 52, wanda a ƙarshensa faifan ke juyawa kusan sau 10,000 a minti. Ɗigon da aka ƙona cikin wannan gaggawa ba sa fita sosai, na'ura tana karanta su yau da taimakon tsarin gyaran kuskure, amma da rinin ya ɗan dusashe sai abin ya fi ƙarfinta. Ka ce a sa maka gudun 16 ko 24 ga CD, 8 ga DVD. A gudun 16 cikakken CD bai wuce minti biyar zuwa shida ba. Saukowa ƙasa sosai, zuwa 2 ko 4, ba ya ƙara wa faifan zamani komai, don ba a yi rininsa domin wannan gudun ba.

Rubutu yana farawa ne daga tsakiya ya zagaya zuwa baki. A tsakiyar ne jerin abin da ke cikin faifan yake, shi ya sa tsagewa kusa da rami ke kashe faifai gaba ɗaya. Baki kuwa shi ne wurin da rinin bai cika shimfiɗuwa daidai ba, shi ne kuma yatsu ke taɓawa. Don haka kada a cika faifai maƙil: tsaya a megabait 650 ga CD, gigabait 4 ga DVD. Yi amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka mai caji ko wadda ke kan UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa faifan ya tashi aiki. Ɗora komai a zama ɗaya, ka zaɓi a rufe faifan, in ba haka ba na'urar gida tana iya ƙin buɗe shi. Sannan ka kunna zaɓin tantancewa, wanda ke sake karanta faifan ya gwada shi da asali. Mintuna kaɗan ne kawai, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa.

Gidan da za a sa shi

Gidan roba mai tauri, mai haƙora a tsakiya, shi ne kan gaba, don faifan yana rataye ne ta raminsa, babu abin da ke taɓa samansa ko ƙasansa. Wajen cirowa, danna haƙoran da yatsa faifan ya saku, ka ɗauke shi ta baki. Kada ka fizgo shi yana lanƙwashewa. Baƙin gidan DVD mai laushi shi ma yana da kyau, har ya fi hana haske shiga.

Ambulan takarda ko na leda arha ne, ya isa a kai wa wani faifai, amma ba na ajiya ba ne. Duk shigarwa da fitarwa gogayya ce, kuma in ƙurar hunturu ta shiga ciki, ita ce za ta riƙa cin faifan. Jakar faifai mai zif da aljihuna, wadda direbobi ke so, ita ce mafi haɗari a yanayinmu: ledarta tana laushi da zafi ta manne wa saman faifai, ranar da aka ja sai azurfar ta biyo ta. Sandar da ake sayar da faifai 50 a kanta ba laifi ga sababbin da ba a taɓa ba, amma ba wurin mayar da wanda aka ɗora wa aiki ba ne. Kada kuma a ɗaure faifai da robar kuɗi.

A jera gidajen a tsaye, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, don nauyi da zafi suna karkatar da faifai a hankali.

Rubuta suna

Biro da fensir suna huda fentin sama, ko da ba ka ga hujin ba. Sitika kuma matsala uku take kawowa: tana sa faifai ya yi nauyi ta gefe ɗaya ya riƙa kakkarwa, gam ɗinta yana bushewa ya ja fentin, kuma a rediyon mota mai haɗiye faifai takan ɓare ta maƙale a ciki. In an riga an manna ta, bar ta, ɓare ta ya fi barinta ɓarna. Abin da ya dace shi ne alƙalamin maka mai laushin baki da aka yi domin faifai. Mafi aminci ma shi ne a rubuta lamba kawai a zoben nan mai haske da ke kewaye da rami, inda babu bayanai, sannan a rubuta cikakken bayani a takardar gida: abin da ke ciki, sunan malami ko masu biki, shekarar da aka ɗauka da shekarar da aka ɗora.

Hunturu, bazara, damina

Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, a jagoran da ta fitar a 2003, ta ce a ajiye faifai tsakanin digiri 4 zuwa 20, da laima kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki a Bauchi ba zai samu haka ba, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke kai wa digiri 40. Abin da za a iya shi ne neman wuri mafi sanyi kuma mafi daidaito a gidan: ƙasan durowa a ɗakin ciki, nesa da taga, nesa da bangon da ranar yamma ke duka. Saman durowa kusa da rufi shi ne wuri mafi zafi a ɗaki, kuma nan aka fi jefa faifai. Gaban mota da aka rufe a rana yana iya haura digiri 70. Faifan asali kada ya kwana a mota ko sau ɗaya, a yi wa mota nata kwafin. Hasken rana kai tsaye yana dusashe rinin CD-R da na DVD-R cikin ɗan lokaci, ko da babu zafi sosai.

Da damina, musamman Agusta, laima ce abokiyar gaba. Tana shiga ta duk inda fenti ya tsage ta sa azurfa ta yi baƙi, sai ka ga tabo ruwan ƙasa yana tasowa daga baki. Sa gidajen a cikin roba mai murfi, ka jefa ƙananan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, uku ko huɗu, kana sauya su duk shekara. Hayaƙin janareta, na murhu da na turaren wuta duk suna barin danƙo a jikin faifai da idon na'ura, saboda haka a rufe.

Hunturu kuwa ƙura yake kawowa, kuma ƙurar nan ta fi robar faifai tauri. Wanda ya goge faifai mai ƙura da bakin riga ya karce shi da hannunsa. Fara kaɗe ƙurar da iska, ko ka zuba ruwa mai tsabta ya wanke ta. In akwai maiƙo ko shatin yatsa, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa a cikin kofin ruwa ya isa, ko sifirit irin na isopropyl a ƙasan faifan kawai. Sannan a goge da tsumma mai laushi irin na tabarau, daga rami zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba. Dalili kuwa: tsarin gyaran kuskure na CD yana iya cike giɓin da ya kai kusan milimita 2.4 a kan layi ɗaya. Karcen da ya ratsa layuka a gicciye yana ɗan taɓa kowanne ne kaɗan, sai a gyara. Wanda ya bi zagayen layin kuwa yana share dogon bayani a jere. Fetur, kananzir, tina da ruwan goge jan farce suna cin robar. Takardar tishu tana karce ta. Man goge baki da wasu ke shafawa yana ɗan lafar da karcen ƙasa mara zurfi, amma a bar shi ga faifan da ya riga ya ƙi karantuwa, kuma da ya buɗe a kwafe abin da ke ciki nan take.

To filashi da memori fa?

Sun fi sauƙi, sun fi ɗauka, kuma su ne yawancin wayoyi da rediyo ke karɓa yanzu. Amma bayanansu cajin lantarki ne da ke tsiyayewa a hankali in an ajiye su ba a amfani, zafi kuma yana ƙara saurin hakan. Sukan mutu gaba ɗaya ba gargaɗi, ana iya goge su, suna ɗaukar ƙwayar cuta daga kwamfutar shago, ga kuma jabu da ke nuna gigabait 64 alhali bai kai 8 ba. Faifai yakan fara da tsalle ko tsayawa, ya ba ka damar ceto. Don haka kada a zaɓi ɗaya a bar ɗaya: filashi na amfanin yau da kullum, faifai biyu na ajiya, ɗaya a gidanka ɗaya a gidan ɗan'uwa a wata unguwa ko wani gari, kamar Azare ko Misau, yadda gobara ko ambaliya ba za ta haɗa su ba. Zai fi kyau ma faifan biyu su zama na kamfanoni daban, don in rukunin ɗaya ya zo da aibi ɗayan ya tsira.

Sababbin kwamfutoci da yawa ba sa zuwa da wurin sa faifai, saboda haka mai tarin faifai ya sayi na'urar karantawa ta waje mai igiyar USB tun ana samunta. Duk shekara, bayan damina, a fito da muhimman faifai a kwafe su gaba ɗaya zuwa kwamfuta a matsayin gwaji, domin buɗe fayil ɗaya ba ya nuna lafiyar sauran. Wanda ya yi jinkiri ko ya tsaya a hanya, a wanke shi, a gwada shi a wata na'urar, don idon na'urori ya bambanta, kuma wanda wata ta ƙi wata takan karɓa. In har yanzu yana gardama, manhaja irin IsoBuster tana iya tsamo abin da ya rage. DVD-R a sake masa sabon kwafi duk shekara 5, CD-R mai kyau duk shekara 8 zuwa 10, a rubuta sabuwar shekarar a takardar gidan, tsohon kuma a bar shi a gefen sabon muddin yana karantuwa.